Yadda ake haɗa ma'aunin miƙewa irin na ƙafar kyankyaso a jikin kumbo

A ƙafar kyankyaso akwai ƴan ramuka masu murfi kamar kifaffiyar ƙwarya. Da ɓawon ya ɗan lanƙwashe, murfin ke sanar da jijiya. Shi ake kwaikwayo a jikin kumbo: rami mai murfi da ke nuna yadda jikin ke miƙewa.

A farantin alminiyom, zagayayyen rami na ninka ƙarfin ja sau 3 a gefensa. Mai siffar ƙwai, tsawonsa ninkin faɗinsa, kwance a giciye da jan, sau 5. In zaren kabon ne, kada ka huda, datse zaren ke jawo tsagewa. Kafa fil kafin zuba gam, zaren su kewaye shi.

Manna ma'auni a murfin, wani a guntun da ba a ja, ka haɗa su a gadar Wheatstone, wato haɗin lantarki da ke kwatanta ma'aunan biyu, don kada miƙewar da zafin rana ke jawowa ta yaudare ka. Dole gam ɗin ya ci gwajin ASTM E595, na fitar da tururi a wurin da babu iska: asarar nauyi ƙasa da 1%.