Darasi na Bakwai: Haɗa Ruwan 'Ya'yan Itatuwa a Gida

Ƙasarmu ba ta rabo da kayan marmari. Da bazara mangwaro yakan cika kasuwa har ya riƙa ruɓewa a ƙasa. Da rani masu noman fadama suna kawo karas, tumatir da kankana. Lemo da abarba kuwa motoci ne ke shigo da su daga kudu, kamar yadda ake gani a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano. Duk da haka, sai ka ga maigida ya wuce mai tallar lemo ya sayo wa yara lemon kwalba, wanda yawancinsa ruwa ne da sukari da kala. Da kuɗin nan zai iya sayo abin da zai gina jikin iyalinsa.

Me ke cikinsu?

Lemo, gwaba, gwanda da garin ƙwalba na 'ya'yan kuka suna da bitamin C. Shi ne ke taimaka wa ciwo ya warke, ya hana dasashi zubar jini. Gwaba ma ta fi lemo yawansa. Wani amfaninsa babba shi ne yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, zogale da alayyahu, wanda da shi ake yin jini. Saboda haka mai ciki da mai shayarwa su sha ruwan lemo tare da abinci, su jinkirta shayi sai can anjima, domin shayi yana rage wa jiki tsotsar wannan sinadari.

Karas, mangwaro da gwanda nunanna suna ba jiki bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, wato mutum ya kasa gani da zarar magariba ta yi. Kankana kusan duk ruwa ce, ga ta da daɗin buɗa baki a watan azumi.

Yadda ake yi

A wanke hannu da sabulu. A wanke kayan da ruwa mai tsabta tun kafin a sa musu wuƙa. A yanka, a cire ƙwallo, a markaɗa. Wanda ba shi da bilenda ko wuta, kada ya damu: a goga karas da abin goga kuɓewa, a matse lemo da hannu, a dama mangwaro da ludayi. Ruwan da za a ƙara ya zama tafasasshe wanda ya huce. Ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, a bar ta, don ta nan zawo da taifot ke shiga gida.

Ga haɗi mai sauƙi: karas 2, lemo 3, da ɗan guntun ɗanyar citta. Ba ya buƙatar sukari. A sha nan take, domin in ya jima a zafi yakan yi tsami, bitamin C ɗinsa kuma ya ragu.

Kada a tace sosai

Nan ne mutane da yawa ke yin asara. Abin da yake saura a kan rariya, wanda ake zubar wa akuya, shi ne ke sa bayan gida ya yi laushi, ya kuma rage saurin hawan sukari cikin jini. In an tace shi tas, zaƙin ne ya fi yawa a kofin. Mutum zai iya shanye ruwan lemo 4 a tashi ɗaya, alhali da ci zai yi, 2 sun ishe shi. Don haka a bar shi da kaurinsa, kuma ƙaramin kofi ɗaya ya isa a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan marmari da ganyayyaki kullum, kuma gara a ci yawancinsu da haƙori.

Mai ciwon sukari ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya fara sha. Jariri kuwa nono zalla za a ba shi har wata 6, ba a ba shi wannan ruwa sai ya cika shekara. Yaro mai zawo a ba shi ORS, wato haɗin ruwan gishiri da sukari, da maganin zinc, a kai shi asibiti.

Aiki

1. Rubuta sunayen kayan marmari 3 da ake samu a kasuwarku a wannan wata, da kuɗin kowanne.
2. Me ya sa ba a son tace ruwan sosai?
3. Lemo 3 nawa ne a garinku, lemon kwalba ɗaya kuma nawa?