Kurakuran da aka fi yi wajen saita rautar Cisco ta layin umarni

Abu biyu ya kamata mai saita rautar Cisco (na'urar da ke rarraba hanyar intanet) ya riƙe. Yawancin umarnin saiti da ka buga, kana danna Enter ya fara aiki, ba ta tambayarka ko ka tabbata. Sannan abin da ka buga bai zauna ba sai ka adana shi da hannunka. Yawancin wahalar da ake sha daga nan take.

Saitin da kake bugawa yana cikin running-config ne, a RAM, wuta na yankewa ya goge. Wanda rauta ke karantawa idan ta tashi shi ne startup-config. Mutum zai wuni yana aiki, intanet ya kama, a sallame shi ya tafi. Cikin dare a ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare, da sassafe a kira shi wai komai ya tsaya. Maganin layi ɗaya ne: copy running-config startup-config, ko a taƙaice write memory.

Idan kuwa kana adanawa amma kullum ta tashi wayam, musamman wadda aka sayo ta hannu, buga show version ka duba ƙasa. In ka ga lambar configuration register ta nuna 0x2142, wani ne ya taɓa tsallake kalmar sirri bai mayar da lambar ba, shi ya sa take ƙin karanta saitinka. Kada ka yi gaggawar write memory a nan, don za ka danne saitin kirki da fanko. Fara da copy startup-config running-config, sannan config-register 0x2102.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne kulle kanka a waje. Kana zaune a ofis ka shiga rautar wani reshe ta SSH, wato hanyar shiga na'ura daga nesa, ka canza adireshin kafar (interface) da ka shigo ta cikinta, ko ka ɗora mata access-list, wato jerin abin da aka yarda ya wuce da wanda aka hana, allo ya daskare. Ka sare reshen da kake zaune a kai ke nan. Ita access-list tana da haramci a ƙarshenta wanda ba a rubutawa kuma ba ka ganinsa: duk abin da ba ka ce permit ba, an hana shi, har da kai. Kafin ka taɓa irin wannan saiti daga nesa, buga reload in 10. In ka kulle kanka, bayan minti 10 za ta sake tashi da tsohon saiti. In komai lafiya, sai reload cancel, sannan ka adana. Dabarar tana aiki ne kawai idan ba ka riga ka adana kuskuren ba. In ka adana, sai ka nemo wayar konsol, wadda ke haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye, da kuɗin mota. A PuTTY, manhajar da ake shiga rauta da ita, gudun konsol 9600 ne.

Sai kafar da ba a buɗe ba. Kafofin rauta a rufe suke zuwa, ba kamar na suwic ba. In show ip interface brief ya nuna administratively down, daina zargin waya, shiga kafar ka buga no shutdown.

Akwai kuma rauta mai ganin intanet amma kwamfutocin bayanta ba sa gani. Duba NAT, wato fassara adireshin ciki zuwa na waje: kafar ciki na buƙatar ip nat inside, ta waje ip nat outside, kuma kalmar overload a ƙarshen umarnin ip nat inside source ita ke ba kowa damar fita da adireshi ɗaya. In ita kanta rautar ba ta fita, hanya ce babu. Da yawa sukan buga ip default-gateway, alhali wannan na na'urar da ba ta rarraba hanya ne. Abin da ake so shi ne ip route 0.0.0.0 0.0.0.0 sai adireshin mai ba ka intanet.

Wajen access-list ɗin NAT ma ana zamewa. A kafa ana rubuta 255.255.255.0, amma a access-list juyinsa ake so, wato 0.0.0.255. Ni a ganina wannan ya fi kowane wuyar ganowa, don rauta kan karɓi layin shiru, aiki ne kawai ba zai yi ba.

Idan rauta ce ke raba adireshi, ware na firinta da kyamarori da ip dhcp excluded-address, in ba haka ba wata rana wayar baƙo za ta karɓe adireshin firintar da aka kashe.

Ƙananan biyu: in ka yi tuntuɓen rubutu ta tsaya tana cewa Translating, danna Ctrl da Shift da 6, sannan ka sa no ip domain-lookup. Kalmar sirri kuma a sa ta da enable secret. Ta enable password a fili take fitowa ga duk wanda ya buga show running-config, ko an lulluɓe ta da service password-encryption, warwarewa ba wuya.