Yadda Ake Daidaita Abinci Mai Zafi da Mai Sanyi Bisa Ilimin Magabatan Likitoci

Idan tsofaffin littattafan likitanci suka ce zuma tana da zafi, kokwamba kuma tana da sanyi, ba suna magana ne a kan abin da harshe yake ji ba lokacin da abincin ya shiga baki. Abin da suke nufi shi ne tasirin da abincin yake bari a jiki bayan ya narke: ko ya ɗumama mutum ya motsa masa jini, ko ya sanyaya shi ya lafar da shi, ko ya ƙara masa danshi, ko ya busar da shi. Saboda haka naman rago yana nan a matsayin mai zafi ko da ya kwana a firji, kankana kuma mai sanyi ce ko da ta wuni a rana. Girkawa da Larabawa da Farisawa da Indiyawa da mutanen Sin duk sun gina ilimin abinci a kan wannan fahimta, kuma mai son ya amfana da ita a yau zai iya bin matakan da ke tafe.

Mataki na farko: a zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kansa

Manyan tsare-tsaren guda uku ne. Na farko shi ne na Girkawa wanda likita Jalinusu ya tsara a ƙarni na 2 miladiyya, likitocin Musulmi kuma suka faɗaɗa shi, musamman Ibnu Sina a littafinsa Al-Ƙanun fiɗ-Ɗibb da ya kammala a shekarar 1025. A wannan tsari ɗabi'u huɗu ne, wato zafi da sanyi da danshi da bushewa, kuma kowane abinci yana ɗauke da biyu daga cikinsu. Na biyu shi ne na ƙasar Sin, wanda ya jera abinci a matakai biyar: mai sanyi, mai sanyi-sanyi, matsakaici, mai ɗumi da mai zafi, sannan ya haɗa da ɗanɗano biyar, wato tsami da ɗaci da zaƙi da yaji da gishiri. Na uku shi ne Ayurbeda na Indiya, wanda ya ƙara bauri ya zama ɗanɗano na shida, ya kuma raba ƙarfin abinci gida biyu kawai, mai ɗumamawa da mai sanyayawa.

Dalilin tsayawa a kan tsari ɗaya shi ne ba a ko'ina suka yi ittifaƙi ba. Yogot mai sanyi ne a wajen Farisawa da likitocin da suka bi Ibnu Sina, amma Ayurbeda ta sanya shi cikin masu ɗumama jiki. Naman shanu mai sanyi ne mai bushewa a littattafan Larabawa, alhali mutanen Sin suna ɗaukarsa matsakaici ko mai ɗan ɗumi. Wanda ya ɗebo nan ya ɗebo can zai ƙare da jerin da ke karo da juna. Inda kuwa suka haɗu, kamar zafin citta da tafarnuwa da kirfa, da sanyin kokwamba da kankana da latas, nan ne ya fi dacewa mai koyo ya fara.

Mataki na biyu: a san yanayin jikin mai cin abincin

Likitocin da suka bi Jalinusu suna kiran wannan mizaji, wato gaurayen ɗabi'un da ya rinjayi jikin mutum, kuma ba su yarda a yanke hukunci a kan abinci ba sai an san wanda zai ci shi. Mutumin da zafi ya rinjaya yakan zama mai yawan ƙishirwa da gumi, tafin hannunsa da ɗumi, ba ya jure rana, kuma abinci mai yaji yakan tayar masa da ƙwannafi ko ƙurajen baki. Wanda sanyi ya rinjaya yakan ji hannuwa da ƙafafunsa sun yi sanyi, abinci yana daɗewa a cikinsa kafin ya narke, kuma ɗanyen ganye ko ruwan ƙanƙara yakan kumbura masa ciki. Danshi yana bayyana a yawan majina da nauyin jiki da yawan barci, bushewa kuma a bushewar fata da leɓɓa da taurin bayan gida.

Hanyar gano wannan ita ce rubutu. A samu ƙaramin littafi, a yi mako biyu ana rubuta abin da aka ci a kowane lokaci, da yadda jiki ya kasance bayan awa biyu ko uku, da yadda aka kwana, da yadda bayan gida ya kasance da safe. Mutane da yawa suna yanke wa kansu hukunci a rana ɗaya don sun karanta wani bayani da ya yi kama da su, alhali abin da aka ji bayan an ci abinci sau ɗaya zai iya zama gajiya ce ko rashin barci. Abin da ya maimaita kansa sau uku ko huɗu a cikin littafin shi ne abin dogaro.

A nan akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Yawan ƙishirwa tare da yawan fitsari da rama alama ce ta ciwon suga, jin sanyi kullum tare da kasala kuma yana iya zama ƙarancin jini ko raunin aikin ƙwayar tayirod da ke wuya. Waɗannan gwajin jini ne yake gano su, kuma kankana ko citta ba za su warkar da su ba.

Mataki na uku: a koyi ɗabi'ar abinci tare da darajarta

Sanin cewa abu yana da zafi bai wadatar ba, sai an san yawan zafin. Magabata sun kasa ƙarfin kowace ɗabi'a daraja huɗu. A daraja ta farko tasirin yana da sauƙi har da ƙyar ake lura da shi. A ta biyu ana jin sa amma ba ya cutarwa. A ta uku yana da ƙarfi har zai iya yin illa idan aka yawaita. A ta huɗu kuwa an shiga sahun abin da ke ƙona jiki ko ya kashe. Sha'ir mai sanyi ne a daraja ta farko, shi ya sa tun zamanin Girkawa ake dafa ruwansa a bai wa mai zazzaɓi. Kokwamba mai sanyi ce mai danshi a daraja ta biyu, zuma mai zafi ce mai bushewa a daraja ta biyu, tafarnuwa da masoro kuwa suna can sama a daraja ta uku ko ta huɗu, gwargwadon littafin da aka duba. Wannan rabo yana koyar da abu mai amfani a girki: abin da ke ƙananan darajoji shi ne ake ci a ƙoshi, na manyan darajoji kuma ɗan kaɗan ake barbaɗawa.

Ya kamata a sani cewa Ibnu Sina bai san barkono ko tumatir ko dankalin turawa ba, domin daga nahiyar Amurka suka fito bayan shekarar 1492. Duk wani jerin da ya jingina masa hukunci a kan waɗannan, ƙarin na baya ne.

Mataki na huɗu: a gyara abinci da abokin haɗinsa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, domin mutane sun fi son a ba su jerin abin da za su daina ci. Magabatan likitoci ba haka suka yi ba. Ibnu Buɗlan, likitan Bagadaza na ƙarni na 11, ya tsara littafinsa Taƙwimus Sihha a jadawali, inda a gaban kowane abinci ya rubuta ɗabi'arsa da darajarsa da amfaninsa da illarsa, sannan a wani gurbi na musamman ya rubuta abin da ke kawar da illar. Ma'ana, kusan kowane abinci yana da abokin da ke gyara shi.

Misalan suna da yawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana cin kokwamba da ɗanyen dabino, Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Nana A'isha cewa yana haɗa kankana da ɗanyen dabino, yana cewa ana karya zafin wannan da sanyin wancan, sanyin wancan kuma da zafin wannan. A ƙasar Sin ana ɗaukar ƙaguwa mai tsananin sanyi, don haka ake cin ta da yankakkiyar citta da ruwan khal. A Iran idan aka haɗa yogot da kokwamba, waɗanda dukkansu masu sanyi ne, akan zuba zabibi da busasshiyar na'a-na'a don a rage sanyin, kuma idan wani ya yi kukan ciwon ciki bayan ya ci abinci mai sanyi, sai a haɗa masa shayi da dunƙulen sukarin da suke kira nabat.

A aikace, sai mutum ya dubi babban abin da ke cikin kwanonsa ya tambayi kansa ɓangaren da ya karkata. Idan gasasshen naman rago ne mai kayan yaji, a ajiye kokwamba ko latas ko ɗan lemun tsami a gefensa. Idan ɗanyen ganye ne ko kifi ko wake ga mai raunin narkewa, a sa citta ko tafarnuwa ko masoro. Wanda littafinsa na mataki na biyu ya nuna zafi ya rinjaye shi, sai ya ƙara ɓangaren sanyi kaɗan, wanda sanyi ya rinjaya kuma ya yi akasin haka. Kaɗan ɗin nan shi ne sharaɗi, domin wanda ya yi wata guda a kan kankana da kokwamba kaɗai ya bar rashin daidaito ɗaya ne ya faɗa wani.

Mataki na biyar: a yi amfani da wuta wajen sauya ɗabi'a

Yadda aka dafa abu yana sauya matsayinsa. A tsarin Sin ɗanyen abu ya fi sanyi, turarawa da tafasawa suna kai shi tsakiya, suya da gashi kuma suna ƙara masa zafi da bushewa. Busarwa ma tana da nata tasiri, shi ya sa likitocin Sin suke lissafa ɗanyar citta a matsayin mai ɗumi, busasshiya kuma mai zafi, har suna ba su sunaye daban-daban. Wanda ɗanyen kabeji yake kumbura wa ciki bai kamata ya rabu da kabeji ba kafin ya gwada turara shi.

Mataki na shida: a lura da lokaci da shekaru

Littattafan Girkawa da Larabawa sun ce lokacin zafi a karkata ga abinci mai ruwa da sauƙin narkewa, lokacin sanyi kuma ga miya mai ɗumi da nama da kayan ƙamshi. Mutanen Sin suna shan romon ƙananan koren wake a tsakiyar zafi, su ci naman rago a lokacin sanyi. An rubuta waɗannan ne bisa yanayin ƙasashen marubutan, don haka kowa zai auna su da iskar inda yake zaune, ko busasshiya ce ko mai laima. Game da shekaru kuwa, sun ɗauki yaro mai ɗumi da danshi, tsoho kuma mai sanyi, shi ya sa suke son a ba tsofaffi abinci mai laushi da ɗumi, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai.

Mataki na bakwai: a auna abin da aka koya da binciken zamani

Wani ɓangare na wannan ilimi yana da bayani a kimiyya. Sinadarin kafsaisin da ke cikin barkono yana taɓa wata kafa a jijiyoyi mai suna TRPV1, wadda ita ce take jin zafin da ya haura digiri 43, shi ya sa mutum yake gumi bayan ya ci yaji. Sinadarin mentol na na'a-na'a kuma yana taɓa kafar TRPM8 da ke jin sanyi, ko da yake a Iran ana sa na'a-na'a ne don rage sanyin abinci. David Julius da Ardem Patapoutian sun sami kyautar Nobel a shekarar 2021 a kan binciken irin waɗannan kafofi. Haka nan jiki yana ƙona kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuzarin da ke cikin furotin wajen narkar da shi, fiye da yadda yake yi wa sitaci ko mai, wanda hakan ya dace da ɗumin da ake ji bayan cin nama. Kokwamba kuwa kusan kashi 95 cikin 100 ɗinta ruwa ne, kankana kuma kusan 92.

Amma ra'ayin cewa cuta tana zuwa ne daga rikicewar ruwayen jiki huɗu, wato jini da majina da safara'u da sauda'u (ruwan maɗaciya mai launin rawaya da kuma baƙi), likitanci ya bar shi tun da aka gano ƙwayoyin cuta a ƙarni na 19, kuma akwai wuraren da bin tsohon hukunci yake da haɗari. Ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, komai yabon da littattafai suka yi mata, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyin jariri. Ba a hana yaro mai gudawa ruwa ko nonon uwa da sunan gudun sanyi. Ruwan gishiri da sukari da aka haɗa bisa ƙa'ida shi ne abin da ke ceton ransa. Mai ciki da mai jego suna buƙatar ƙwai da nama da 'ya'yan itatuwa, ko da wani jeri ya sa su cikin masu zafi ko masu sanyi. Mai ciwon suga zai lissafa dabino da zuma a matsayin sukari kafin ya lissafa su a matsayin masu ɗumama jiki, mai gyambon ciki zai yi hattara da yaji ko da yana jin sanyi, mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin kuma sai ya tambayi likitansa kafin ya fara shan citta ko tafarnuwa da yawa fiye da abin da ake sawa a miya.