Kurakuran da muke yi a lambun tsakar gida da wajen saƙa, da yadda ake gyara su

Shekarar da na fara shuka a buhu tumatir 12 na dasa, ko ɗaya bai shiga tukunya ba. Na ce irin ne ba shi da kyau, na ce ƙasar gidanmu ce, har bakin mutane sai da na zarga, ashe ni ce na kashe su da hannuna saboda tsabar ɗoki. Yanzu duk wadda ta ce min "ni fa ba ni da hannun shuka" sai in ce zo mu ga buhun naki, kuma kusan kullum abu ɗaya nake tararwa.

Ruwa ne. Mu a tunaninmu shuka in ta yi yaushi ƙishi take ji, sai a ƙara mata, da safe a ba ta da rana a ba ta, yara ma in sun wuce su tuttula mata ragowar na buta, alhali ƙasan buhun ko huda ɗaya babu. Saiwa tana buƙatar iska, in ta kwana cikin ruwa ruɓewa take, ganyen ya yi ɗorawa ya langaɓe kamar mai jin ƙishi, ke kuma ki ƙara ruwa, kin ga an gama da ita kenan. Ki samu ƙusa ki huda gindin buhun ko bokitin wuri 8 zuwa 10, ki ɗora shi kan bulo ko duwatsu don ruwan ya samu hanyar fita. Kafin ki yi ban ruwa tsoma yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in da danshi ki ƙyale ta sai gobe. Da sassafe ko bayan la'asar ake bayarwa, a gindi ba a kan ganye ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ba komai, amma na wanki mai omo da bilic dan Allah a kai shi kwata.

Tumatir kuma in aka bar shi ya bushe ƙamas yau, gobe a cika shi da ruwa, shi ne za ki ga gindin 'ya'yan ya yi baƙi ya loɓa. Ba wata cuta ba ce ta shigo, rashin daidaiton ban ruwa ne ya hana sinadarin kalsiyam isa ga ɗan, ki tsinke waɗanda suka lalace ki daidaita ruwan kawai.

Sai taki, nan ne na fi shan wahala. Maƙociyata mai kiwon kaji ta ba ni kashin kaji sabo fil, na zuba shi a gindin shuka ina murna na samu na banza, kwana 3 ganyen ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi. Ana tara shi ne a gefe guda a haɗa da busasshen ganye, ana yayyafa ruwa ana juyawa, sai ya yi wata 2 zuwa 3 warin ya tafi ya koma kamar baƙar ƙasa sannan a yi amfani da shi. Na awaki da na shanu sun fi sauƙi amma su ma tsoho ake so. In takin zamani ne, NPK 15-15-15 cikin murfin robar lemo ya ishi buhu ɗaya, a binne shi nesa da gindin kaɗan, kar ya taɓa karan. Yuriya kuwa ganye take sawa, ta dace da alayyaho, amma ki lafta wa tumatir ko attaruhu sai ki ga shuka ta yi kore shar ta cika wuri babu ɗa ko ɗaya.

Ƙasar ma kar ki ɗebo jar ƙasa zalla, da ta sha ruwa ta bushe sai ta koma bulo. Ni ƙasa kashi 2 nake sawa, ruɓaɓɓen taki kashi 1, yashi ko buntun shinkafa kashi 1. Ƙasar bola tana da kyau amma a tankaɗe ta, akwai batir da kwalba da leda a ciki.

Wani abin da ba mu kula da shi shi ne lokaci. Ba banza ba manoman Kadawa da Kura suke noman tumatir ɗinsu da rani cikin sanyi. A zafin Maris da Afrilu in rana ta haura digiri 35 furen tumatir kakkaɓewa yake ba tare da ya ɗaura ɗa ba, ki yi ta ban ruwa a banza. Tumatir, latas, karas, kabeji duk 'yan hunturu ne, a fara shuka irin wajen Oktoba. Da zafi da damina kuɓewa, yakuwa, rama, lalo da alayyaho su ne ba sa ba da kunya, alayyaho ma sati 3 zuwa 4 kin fara yanka. Wadda ba ta taɓa shuka ba ni da shi nake cewa ta fara, ta cakuɗa irin da yashi kafin ta yafa don kar ya fito a cunkushe. Karas da kuɓewa ba sa son dashe, inda za su zauna nan ake shuka su. Irin tumatirin kasuwa da kika matse kika shanya zai iya fitowa, amma in na aure ne wanda ake rubuta F1 a ledarsa 'ya'yan ba za su biyo uwar ba, gara ki sayi irin Roma ko UC82B a shagon kayan noma. Kuma buhu ɗaya tumatir ɗaya, na san da ciwo a tuge sauran amma ki tuge.

Inuwa ma kuskure ce, kayan miya suna son rana ta awa 6 aƙalla, ba a ɓoye su ƙarƙashin mangwaro. Ƙadangaru da kaji kuwa tsohon gidan sauro ya gama maganinsu. Ƙananan ƙwarin nan masu maƙalewa a bayan ganye ki daka ganyen dalbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa da yamma duk sati. Sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, in kin ga farin zane cikin ganye ki cire ganyen ki ƙona tun bai yaɗu ba. Maganin feshin gona ban yarda da shi a tsakar gida mai yara ba, balle a kan ganyen da za a yi kwaɗo da shi jibi.

To saƙa, tunda da yawanmu da sanyi muke haɗa biyun. Sabuwar hannu matse zare take kamar za a ƙwace mata, saƙar ta yi tauri kwarashin ya ƙi shiga, yatsu su yi ciwo, hular da aka yi wa jariri ta fito ta 'yar tsana. Ki sassauta hannu, in ya ƙi ki ƙara girman kwarashi, in da mai lamba 3 kike ki koma 4. Kan sabon jariri wajen santimita 33 zuwa 35 ne, ki auna da tef kina tafiya, kar ki bari sai kin gama.

Shawul ɗin da aka fara da faɗi ya ƙare a tsuke kamar samosa, rashin ƙirga ne, ana tsallake ɗaurin farko ko na ƙarshen layi. Ki maƙala fil ko guntun zare mai wata kala a bakin kowane layi, ki dinga ƙirgawa, in kin ga kuskure ki warware nan take ko da layi 10 ne. Masu koyo a YouTube ku lura, ɗaurin kwarashin da 'yan Amurka suke ce wa singul shi 'yan Ingila suke ce wa dabul, in kika haɗa malamai biyu a riga ɗaya za ki sha mamaki.

Zare kuma a saye shi gaba ɗaya har da rarar ƙwallo 1. Na taɓa sayen zare ruwan hoda ƙwallo 3 ya ƙare saura hannu ɗaya na suwaita, na koma kasuwa na samo mai lamba iri ɗaya, a shago kamar shi ne, da na fito rana sai ga hannun ya fi jikin duhu, haka yarinyar ta sa ta har ta yi mata kaɗan. Yawancin zaren da muke samu na roba ne, dutsen guga mai zafi narkar da shi yake ya yi sheƙi ya saki, ba ya dawowa. A wanke da ruwan sanyi, kar a murɗe, kar a rataye a igiya don nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo, a shimfiɗa shi kan tawul a inuwa. Bakin zaren da ya rage kuma kar ki ƙulla ki datse a gindi, wanki biyu zai kwance, ki bar tsawon yatsa ki sa a allura ki cusa shi cikin saƙar gaba da baya sannan ki yanke.