Yadda za ku haɗa wasan tallafi wa gidan wasan kwaikwayo har kuɗin su isa inda ake so

Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin gidan wasan kwaikwayo na al'umma ya san halin da suke ciki, ba sai an gaya masa ba. Kujeru sun karye, fitilun dandamali rabi sun mutu, rufi na yoyo daidai inda ake ajiye kayan wasa, ga mai gida yana ta aiken kuɗin haya. Masu wasan kuma yawanci ba albashi suke karɓa ba, so ne kawai ya riƙe su. Toh idan abin ya kai maƙura, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne a kira mawaƙa da 'yan barkwanci su yi dare guda kyauta, a sayar da tikiti a ceci gidan. Shawara ce mai kyau wallahi, ni ma na taɓa sa hannu a irinta, amma abin da nake so 'yan uwa su gane shi ne cika zaure daban, tara kuɗi daban. Ana iya cika zaure maƙil a yi tafi a yi shewa, gari ya waye a zauna lissafi a ga abin da ya rage ko kuɗin fitila ɗaya bai kai ba.

Kafin ku kira kowane mawaƙi, ku zauna da masu tafiyar da gidan su buɗe muku littafin kuɗinsu. Nawa ake bin su, wa ke bin su, wanne bashi ne in ba a biya ba za a garƙame ƙofa, wanne ne zai iya jira. Kar ku yarda da "muna cikin matsala" kawai. Mutane sun fi sakin hannu idan aka ce musu hayar wata 6 muke nema, ko rufin ɓangaren dandamali za mu gyara, saboda abu ne da ido zai gani bayan an gama. Wani lokacin ma a wannan zaman ne za ku gano dare ɗaya ba zai toshe ramin ba, gara ku sani tun wuri ku zaɓi abu ɗaya da za ku iya, da ku yi alƙawarin ceto gaba ɗaya sannan bayan wata 3 a ji an rufe gidan, wannan yana kashe wa masu bayarwa gwiwa sosai.

Daga nan sai lissafin kujeru, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Misali zauren na ɗaukar mutum 200. Kar ku yi lissafi da 200, ku ɗauka 120 ne za su saya, in har da 120 ɗin ba za ku fitar da abin da kuka kashe ba har a samu rara, toh tsarin ne da gyara. Sannan ku ƙayyade tikitin kyauta tun farko ku rubuta, domin kowane mawaƙi na da abokai, kowane ɗan kwamiti na da dangi, kafin ka ankara layi uku na gaba duk na alfarma ne. In zauren ƙarami ne kuma kuna ganin za a samu jama'a, ku yi wasa biyu a rana ɗaya, kayan sauti dai an riga an kafa su, kuɗin hayarsu ɗaya ne. Haka fitattun makaɗa George Harrison da Ravi Shankar suka yi ranar 1 ga Agustan 1971 a zauren Madison Square Garden da ke birnin Niyok na Amurka, lokacin da suka tara kuɗi don 'yan gudun hijirar Bangaladash, wasa ɗaya da rana ɗaya da dare.

Wannan wasan nasu ma akwai wani darasi a cikinsa da ya fi na farkon. Kuɗin ƙofa, sama da dala dubu 240, an miƙa wa UNICEF, amma kuɗin da aka samu daga faifai da fim ɗin wasan sun maƙale shekaru a hannun hukumar harajin Amurka, saboda ba a yi wa taron rajistar aikin agaji tun kafin a yi shi ba. Kun ga manya ma takarda ta kayar da su. Don haka ku tambaya tun da wuri, a inda kuke wane izini ake buƙata na taro, wace doka ce kan haraji da haƙƙin mallakar waƙa, musamman in wani zai rera waƙar da ba tasa ba ko za ku ɗauki bidiyo ku sayar. Kuma kuɗi su shiga asusun gidan wasan kai tsaye, ba asusun wani ɗan kwamiti ba komai amanarsa, wannan kare shi ne kuke yi daga bakin mutane.

Wajen gayyatar masu wasa, ku fara samun mutum ɗaya da sunansa ke jan jama'a, in ya amsa sauran za su biyo cikin sauƙi. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya taɓa taka wannan dandamalin yana yaro, ko a nan ya fara riƙe makirufo, irin wannan ba sai an roƙe shi da yawa ba. Ku faɗa masa gaskiya ba biya, amma fa kyauta ba ta nufin ya kashe na aljihunsa, kuɗin mota da na makaɗansa da abin da za su sa a baki a bayan fage duk ku sa a kasafi. Makaɗan nan su aka fi mantawa, shi mawaƙin zai samu suna, su kuwa ranar aiki guda suka bari. Ku rubuta komai ko da a saƙon waya ne: rana, ƙarfe nawa zai iso, minti nawa zai yi, ya yarda a ɗauki hotonsa a sa a fosta ko bai yarda ba. Kada ku kuskura ku buga sunan wanda ya ce "zan duba".

Yanzu ga inda nake ganin haɗa mawaƙa da 'yan barkwanci yake da ma'ana ta gaske. Mawaƙi na zuwa da kaya, ganguna, jita, wayoyi, kuma sauya kayan wani da na wani na iya cin minti 10 ko 15, a wannan shirun ne zaure ke mutuwa, mutane su fara danna waya wasu su fita. Ɗan barkwanci kuwa makirufo ɗaya kawai yake buƙata. Sai a ja labule, shi yana gaba yana ba mutane dariya, a baya ana ta kwance ganguna ana ɗaura wasu. A wasan da na taimaka ba mu yi wannan tunanin ba, muka jera mawaƙa uku a jere, ina tsaye a gefen dandamali ina kallon wani yaro durƙushe yana neman bakin waya a cikin duhu da fitilar wayarsa a baki, zaure tsit, wata baiwar Allah a layi na biyu ta ɗauki jakarta ta fice, kuma ita ce muke sa ran za ta bayar da gudummawa mai kauri. Har yau abin na damuna. A babban wasan tallafi na Live Aid na 1985 a filin Wembley na Landan, dandamali mai juyawa suka yi saboda wannan matsalar kaɗai, kuma yawancin mawaƙan wajen minti 20 aka ba su duk girmansu. Ku da ba ku da dandamali mai juyawa, ɗan barkwanci shi ne naku.

Wata dabarar kuma ku roƙi mawaƙan su zo da kaya kaɗan. A wasannin da ɗan barkwanci John Cleese ya fara haɗa wa ƙungiyar Amnesty a Landan tun 1976, 'yan barkwanci ne suka fara, daga baya mawaƙa suka shigo, kuma irin su Pete Townshend a 1979 da jita kawai ya hau. A ƙaramin zaure wannan ya fi daɗin ji ma, ga sauƙin kuɗin sauti. Shi kuma ɗan barkwanci ku gaya masa su waye za su zauna a gabansa, gidan wasan al'umma iyaye na zuwa da yara, akwai dattawan da suka shekara suna tallafa wa wurin, zolayar da za ta wuce a wani wajen a nan tana iya rufe aljihu.

Mutum biyu ne ba a wasa da su ranar: mai kula da sauti da mai riƙe agogo. In akwai inda za ku biya cikakken kuɗi toh mai sauti ne, kuma a yi gwajin sauti da rana kafin a buɗe ƙofa, kowa ya zo. Mai agogo kuma ya zama wanda ba ya jin nauyin ɗaga wa babban mawaƙi hannu in lokacinsa ya cika. Awa biyu zuwa biyu da rabi da hutu a tsakiya ya isa.

Neman gudummawar kanta kar ku bar ta sai ƙarshe, lokacin mutane sun gaji suna neman hanyar gida. Ku sa ta dab da hutu, bayan wani ya ɗumama zauren. Kuma kar a yi dogon jawabi, a bar 'yan gidan su hau su yi ɗan guntun wasa na minti 5 ko 7, in akwai yaran da ake koya wa wasa a wurin su ne ma suka fi, sannan mutum ɗaya ya fito ya ce ga abin da muke nema ga dalili, shikenan. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo don mawaƙin ba su taɓa shiga gidan ba, wannan mintunan ne kaɗai za su ga abin da ake cewa su ceta. A lokacin hutu a samu akwati a bakin ƙofa, lambar asusu a rubuce manya-manya inda kowa zai gani, da takardar da mai so zai bar lambarsa don a sanar da shi wasa na gaba. Wannan takardar ni a wajena ta kusa kai kuɗin daraja, don gidan da ba 'yan kallo ko an biya masa bashi bana baɗi zai sake faɗawa.

Da an tashi, mutum biyu ko uku su ƙirga kuɗin tare a wurin, su rubuta su sa hannu, kar kowa ya tafi da su gida ba a ƙirga ba. Duk abin da aka saya a ajiye rasit. Cikin mako guda ku fitar da lissafin a fili, a Facebook ko duk inda kuka yi tallan, ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga abin da aka miƙa wa gidan, ko da bai kai yadda kuka so ba ku faɗa haka. Ku kira kowane mawaƙi da ɗan barkwanci da makaɗi ku yi masa godiya da bakinku, har da yaron da ya ja waya. Ranar da aka biya hayar ko aka ɗora sabon rufin kuma ku ɗauki hoto ku tura wa duk waɗanda suka bar lambarsu, tare da ranar wasan kwaikwayo na gaba da ƙarfe nawa za a buɗe ƙofa.