Yadda Ake Warware Babbar Lamba: Mu Gwada da 720,720

Ɗalibaina a nan Argungu, da zarar sun ga lamba mai alƙaluma shida sai gabansu ya faɗi, su hau laluben kalkuleta. Ni kuwa so nake yaro ya riƙe biro ya warware ta da kansa, don duk girman lamba, in dai ba tubali ba ce ita kanta, tubala ne aka ninka suka gina ta: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauran waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu.

Ɗauki 720,720. Fara duba wutsiyarta. Sifiri ne, ke nan cika ce ba mara ba, kuma 5 na shiga. Yi ta raba ta biyu: 360,360, sai 180,180, sai 90,090, sai 45,045. Nan ta zama mara, ka tsaya, ka rubuta cewa 2 ta fito sau huɗu. Sai ka tara alƙalumanta, 4 da 5 da 0 da 4 da 5, ka sami 18. Tunda 9 na raba 18, tana raba lambar ma: 5,005. Ita 9 kuwa 3 sau 3 ce, ke nan 3 ta fito sau biyu. Raba da 5, saura 1,001.

A nan yara ke cijewa, don 1,001 kamar ba ta rabuwa. Tana rabuwa sarai: 7 sau 11 sau 13 ce. Wannan ne ya sa idan ka tsaga lamba mai alƙaluma shida gida biyu, uku-uku, ka ɗebe ƙaramin daga babban, abin da ya rage zai nuna maka ko 7, 11 ko 13 na shiga: duk wadda ta raba shi, tana raba lambar ma. A tamu, 720 ban da 720 sifiri ne, duka ukun sun shiga. Dabarar nan ina jin daɗin koyar da ita ƙwarai.

Lambobi nawa ke raba ta? Ƙara ɗaya a kan yawan fitowar kowane tubali, ka ninka: 5 sau 3 sau 2 sau 2 sau 2 sau 2, wato 240. 720,720 ce ma mafi ƙanƙantar lambar da 1 har zuwa 16 duk ke rabawa. Manoman shinkafa 16 za su kasafta naira 720,720 ba ragowa, amma in na 17 ya shigo, naira 5 za ta yi saura.

Wata lambar kuwa ba ta da wannan sauƙin. Kafin ka tabbatar 999,983 ba ta rabuwa, sai ka gwada tubala 168 da ke ƙasa da 1,000. Wannan kam a bar wa kwamfuta.