Kafin ka sa wa motar lantarki ƙugiyar jan tirela

'Yan uwa, masu motar lantarki a nan Zariya, ku fara duba littafin motar tukuna. Wasu ba a yarda su ja komai ba, wasu kuma an rubuta iyakar kilo nawa za su ja.

Don Allah kada ku bari mai walda ya taɓa ƙarƙashinta. Batirin yana shimfiɗe ne a ƙasan motar, wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa wutarsu tana kisa. A nemo ƙugiyar da aka ƙera wa ainihin samfurin motar, a ɗaure ta da noti a ramukan da kamfani ya tanada. Fitilun tirela kuma daga ƙaramin batirin motar mai volt 12 za su sha wuta.

Sannan in ana jan tirela, caji yana zubewa da sauri, wani lokacin har rabi. In Kaduna za ka da kaya, cika shi taf tun daga gida.